Yadda Ake Haɗa Kayan Ado da Tsofaffin Agoguna da Fatar Kano, a Sayar ta Intanet

Duk mai gyaran agogon da ya daɗe a kan teburinsa, a Gwarzo ne ko a Kabo ko a bakin kasuwar Sabon Gari, yana da wani gwangwani da yake zuba agogunan da suka gagari gyara. Masu su ba su dawo ba, shi kuma bai iya zubarwa ba. A cikin kowane agogo mai wani akwai 'yan faya-fayan tagulla masu haƙora, sirara, waɗanda injin masana'anta ya yanka da kyan da hannu ba zai iya kwaikwaya ba. A Turai da Amurka akwai mutanen da abincinsu ke cikin irin wannan gwangwani. Suna kwance agogon, su wanke kayan cikinsa, su haɗa da fata da waya da tsofaffin makullai, su fitar da 'yan kunne da kan sarƙa da abin hannu, su sayar ta intanet.

Salon da suke bi ana ce masa sitimfonk, wato adon zamanin injin tururi. Wani marubucin Amurka, K. W. Jeter, shi ya raɗa masa suna a 1987, yana nufin labaran ƙirƙira da ke komawa zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, lokacin da tururi ke jan jirgin ƙasa da injinan masaƙa. Daga littattafai abin ya shiga fina-finai, daga nan ya shiga sutura. Launukansa sanannu ne: ruwan tagulla, jan ƙarfe, ruwan ƙasa na fata, da baƙin tsohon ƙarfe.

Shawarata tun daga farko ita ce kada ka kwaikwayi doguwar malafar Bature da tabaran matuƙin jirgi da za ka gani a hotunansu. Masu yin waɗannan sun yi yawa, kuma sun fi ka kusa da mai saye. Mu ma muna da namu zamanin tururin. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma jirgi mai cin kwal ne ya kwashi gyaɗa da audugar da manoman ƙasar Kano suka noma. Da shi aka shigo da keken ɗinki, da fitilar ƙwai, da keken Rali, da kwabo mai huda. Ga jar fatar da aka san Kano da Sakkwato da ita tun zamanin fataken Sahara, ga dukawa, ga maƙeran fari. Wanda ya haɗa haƙoran agogo da wannan gado ya fito da abin da ba a samu a Landan. Aikin kuma na zaune ne, matar aure ko budurwa za ta yi shi a tsakar gida kamar yadda saurayi zai yi a shago.

Mataki na ɗaya: tattara kaya

Fara da masu gyaran agogo na kusa da kai. Ka ce kana neman matattun agoguna masu wani, ba masu batir ba. Agogo mai batir kusan babu komai a cikinsa sai roba da ɗan faifan lantarki. Mai wani, da mai wana kansa irin Seiko 5 da iyayenmu suka ɗaura, su ne ke cike da tagulla. Idan ka ga agogon zai iya tashi, kada ka fasa shi. Kuɗinsa a raye ya fi na 'yan kunnen da za ka cira daga cikinsa, kuma hasara ce a kashe abin da ke aiki.

Daga nan sai masu gyaran keken ɗinki, don tsohon kwarkwaro da ƙoshiya da ƙananan sukurori. Masu gyaran keke suna da guntayen sarƙa. Masu naɗin fanka da injin ban-ruwa suna da ragowar wayar jan ƙarfe, siririya da mai kauri. 'Yan gwangwan da ke bin unguwanni sukan samu tsofaffin makullai da kwaɗo. Idan ka shiga birni, Ƙofar Ruwa ce matattarar tsofaffin ƙarafa, Kurmi da Ƙofar Wambai kuma nan ake samun fata da kayan dukanci.

Akwai abu uku da ba a taɓawa. Na farko, wayar da ba ka san asalinta ba. Satar wayar lantarki ta jefa garuruwa da yawa cikin duhu, kuma mai sayen kayan sata abokin ɓarawo ne. Na biyu, kuɗin da ake kashewa yanzu. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta huda ko ɓata naira, takarda ce ko tsaba. Kwabo da anini na zamanin Turawa, waɗanda aka daina karɓa tuntuni, da hudarsu suka zo, sai dai ka zura waya kawai. Na uku, kayan kakanni. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ba a fita da shi ƙasar waje sai da izini. Tsohuwar munduwar kakarka da kayan dokin gidanku a bar su yadda suke.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ba su da yawa. Filaya biyu masu siririn baki, da ɗaya mai yanka waya. Ƙananan sukundireba irin na masu gyaran waya. Hantsaki na ɗaukar ƙananan abubuwa. Ƙaramin magagari, da samfefa mai lamba 400 da 800. 'Yar guduma da guntun ƙarfe mai santsi da za ka riƙa bugu a kai. Basilla da almakashi don fata. Abin huda ƙarfe na hannu da bakinsa na milimita 1.5 da 2. Gam mai kwalba biyu irin Araldite. Farin faranti ko tire da za ka yi aiki a ciki, domin sukurun agogo idan ya faɗi a turɓaya ya tafi ke nan. Sai tabarau na kare ido.

Abu ɗaya ne ba za ka yi da tsohon ƙarfe ba: ƙugiyar da ke shiga hudar kunne. Sayi sabuwa ta bakin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316L, ko ka kai wa maƙerin fari ya lanƙwasa maka ta azurfa.

Mataki na uku: kwance agogo ba tare da ka cutu ba

A nan zan daɗe, domin nan ne lafiyarka da ta 'ya'yanka take.

Buɗe murfin baya. Kusa da inda sandar wani ta shiga akwai ɗan sukuru ko ɗan maɓalli. Sassauta shi ko danna shi, sandar za ta zaro, injin ya fito gaba ɗaya. Kafin ka kwance komai, sai ka sauke ƙarfin zaren ƙarfen da ke naɗe a cikin 'yar gangarsa. Mayar da sandar, riƙe kanta da yatsu biyu, ture ɗan harshen da ke tare babban faifai, ka bar sandar ta juya a hankali tsakanin yatsunka har ta tsaya. Sannan ka cire hannayen agogon da fuskarsa, ka bi sukurori ɗaya bayan ɗaya. Faya-fayan za su fito da kansu. Agogon bango mai wani kuwa zaren ƙarfensa babba ne, idan ya kuɓuce yana tsaga yatsa ko ya sami ido. Ka biya mai gyara ya sauke maka shi.

Duba fuskar agogon da kyau. Tsofaffin agogunan da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1960, masu lambobin da ke haske da dare, da yawansu an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam. Yau fentin ya koma ruwan ƙasa, yana marmashewa, hasken ya mutu amma gubar tana nan. Kada ka kankare shi, kada ka hura shi da baki. Irin wannan agogo ka bar shi a rufe, ka nemi wani.

Sai dalma. Soldar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita yawanci da dalma a ciki, kuma ba ta da wuri a jikin abin da mace za ta rataya a wuya, jaririnta ya kama ya kai baki. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Idan aiki ya buƙaci liƙi da wuta, kai wa maƙerin fari ya yi da azurfa. Ƙananan batiran agogo da za ka ci karo da su ka tara a kwalba mai murfi, nesa da yara, don haɗiye ɗaya yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi.

Wanki kuma: jiƙa kayan a kananzir don tsohon mai ya saki, goge da tsohon buroshin haƙori, wanke da sabulu, shanya su bushe sarai. Tagulla da jan ƙarfe suna haske idan aka goga musu lemon tsami da gishiri, ko ruwan tsamiya. A ɗauraye nan take, in ba haka ba tsamin zai ci gaba da cin ƙarfen. Idan kana son jan ƙarfe ko azurfa su yi duhun tsufa, dafa ƙwai, farfasa shi da zafinsa, rufe shi da kayan a cikin roba na 'yan awoyi. Sannan ka goge tudun da samfefa, ka bar duhun a cikin lungu.

Mataki na huɗu: haɗa na farko

Mu ɗauki kan sarƙa. Kana buƙatar gindi da za a ɗora komai a kai: murfin bayan agogo, ko farantin injin kansa, ko da'irar tagulla mai faɗin santimita 3 da maƙeri zai yanka maka. Huda shi a sama, ka bar kamar milimita 2 tsakanin hudar da baki. Bi gefen da magagari, sannan samfefa, har yatsa ya wuce bai ji kaifi ba.

Jera kayan ba tare da gam ba tukuna. Babban faifai ya ɗan kauce daga tsakiya, ƙarami ya ciji haƙoransa kamar suna juya juna, hannun agogo ɗaya ya ratsa su. Uku ko biyar sun isa. Kuskuren sabon hannu shi ne cika wuri da duk abin da ya samu, har abin ya koma tarkace. Ido yana son ya ga kamar injin zai motsa, don haka haƙori ya haɗu da haƙori. Idan jerin ya yi maka, ɗauki hotonsa da waya, ka kwashe.

Karce inda gam zai zauna da samfefa, goge maiƙon hannu. Matso gam daga kwalaben biyu daidai wa daida, gauraya, ɗiba da tsinken sakace. Ɗigo kaɗan ya isa; wanda ya malalo waje yana bushewa ya yi ƙyalli mai muni. A bar shi kwana guda cur, ko da kwalin ya ce minti biyar. Manyan abubuwa, irin makulli ko guntun sarƙar keke, gam ba ya riƙe su a zafin watan Afrilu. Sai ƙusa: huda su tare da gindin, zura guntuwar wayar jan ƙarfe, yanke ta ka bar milimita 1 kowane gefe, ka riƙa bugun kanta a hankali har ya baje.

Zoben da zai haɗa kan sarƙa da igiya kai za ka yi. Naɗa waya a jikin ƙusa, zare, yanka zobe-zobe. Wajen buɗe shi, murɗa bakin biyu gefe da gefe, kada ka ja su baya, don idan ka ja ba zai koma da'ira ba. A ƙarshe shafa siririn fenti mara launi mai kare ƙarfe ko kakin zuma, saboda jan ƙarfe da gumi suna bar wa fatar jiki kore.

Wajen fata, nemi jimar bagaruwa wadda ta jimu sosai. Sansana ta, wadda ke wari a hannunka za ta fi wari bayan ta kwana biyu a rufe cikin kwali. Jiƙa farin ƙyalle ka goga mata, in rini ya fito to zai fito a jikin farar shaddar mai saye. Idan ɗinkin fata ba hannunka ba ne, haɗa kai da baduku, ku yi ciniki a kan kowane guda. Aikinsa zai ɗaga naka.

Kafin ka ce ka gama, gwada abu uku. Goga shi a jikin tsohon mayafi mai laushi. In ya kama zare, koma kan magagari. Sake shi daga tsayin ƙugu ya faɗi a siminti. In wani abu ya ɓalle, gara a gabanka. Sannan a ba wani na gida ya sa shi mako guda. Ɗan kunne kuma kada ka bari ɗaya ya wuce giram 5 ko 6, nauyi yana ja wa kunne ciwo.

Mataki na biyar: me za ka yi, wa zai saya

A ƙasarmu namiji ba ya rataya sarƙa, kuma akwai malaman da ke karhanta zoben baƙin ƙarfe da na tagulla. Saboda haka kayan maza su ne maɓallin hannun kaftani, mariƙin makullin mota ko babur, walat, madaurin agogo na fata, da jakar waya. Maɓallin hannu da aka yi da ƙananan injinan agogon mata guda biyu, jajayen duwatsunsu a waje, yana da kyau ƙwarai a kan shadda. Mata kuma 'yan kunne, kan sarƙa, abin hannu, da fil na kama mayafi. Guji siffar ƙoƙon kai da makamantanta da Turawa ke sakawa, kuma kada ka ɗinke fata ta yi kama da laya, don kada a yi maka wata fassara.

Masu sayen farko suna kan hanyar da kake bi kullum. Titin Gwarzo ya bi ta Rimin Gado ya wuce ta gaban sabuwar harabar Jami'ar Bayero kafin ya kai Kabuga, kuma ɗalibai su ne suka fi son abin da ba kowa ke da shi ba. Bayan su akwai masu shirya suturar 'yan fim, da masu neman tsarabar da za su kai Abuja ko Legas.

Mataki na shida: farashi

Rubuta komai. A ce tagulla da waya da gam da ƙugiya sun ci naira 1,200, kwali da kati 400, data da kuɗin mota 400, ka yi awa biyu kana biyan kanka 1,000 a kowace awa. Ya kama 4,000. Ɗora riba, ka sa 6,000. Lissafin misali ne, farashin kasuwa yana canzawa, amma kada ka taɓa cire ladan hannunka daga ciki. Masu sana'ar hannu da yawa sun durƙushe ne saboda sun ɗauki lokacinsu kyauta. Kuɗin aikawa kuma a faɗe shi daban tun kafin a biya.

Mataki na bakwai: hoto da shago

Mai saye ta intanet hoto yake saye. Goge gilashin kyamarar wayarka. Fita da hantsi, ka zauna a inuwa kusa da haske, ban da filasha. Shimfiɗa abu mara ado: tsohon katako, baƙin saƙi, ko faifan kaba. Ɗauki gaba, baya, gefe, da ɗaya a tafin hannu don a ga girmansa. Ƙara ɗan bidiyo na daƙiƙa 15 kana juya shi, ko kana buga ƙusa. Mutane suna son ganin hannu a kan aiki.

Buɗe WhatsApp Business ka jera kayan a katalog da farashinsu. Buɗe shafi a Instagram da Facebook da TikTok da suna ɗaya, mai sauƙin rubutawa. A ƙarƙashin kowane hoto faɗi girmansa da santimita, irin ƙarfen, irin fatar, da inda kayan suka fito: haƙoran wane agogo ne, kwabon wace shekara ce, fatar ina ce. Rubuta da Hausa da Turanci, ka saka alamar #steampunk yadda masu nema ke rubuta ta. Faɗi gaskiya. Tagulla ba zinariya ba ce, kuma jajayen duwatsu 17 ko 21 da ke cikin agogo yakutun masana'anta ne, ba na haƙa ba. Idan guda ɗaya ne tak, faɗa. Wannan ma abin talla ne.

Kuɗi ya shiga asusun da ke ɗauke da sunanka ko na sana'arka, na banki ne ko irin su OPay da Moniepoint. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit ko saƙon alat. Buɗe manhajar ka ga kuɗin da idonka. Idan ciniki ya fara kankama, yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, domin baƙon da bai san ka ba ya fi sakin jiki da asusun da ke da sunan shago.

Mataki na takwas: aikawa

Naɗe kowane guda a auduga ko takarda mai laushi, sa a 'yar leda mai zif saboda damina, sannan ƙaramin kwali mai tauri. Saka kati mai lambar wayarka da gargaɗi biyu: kada a yi wanka da shi, kada a bar wa yara. Na cikin Kano a ba direban da ka sani a tasha, ka tura wa mai kaya lambarsa da lambar motar. Na sauran jihohi ka tara su, ka ware rana ɗaya a mako ka shiga birni ka ba kamfanin aika saƙo irin GIG ko gidan waya, ka karɓi lambar bibiya. Ɗauki hoton kayan kafin ka rufe kwalin.

Kasuwar waje tana da daɗin ji, amma tana da ƙa'idoji. Etsy, wadda aka kafa a Amurka a 2005, ita ce babbar kasuwar masu aikin hannu. Tana karɓar santi 20 na dala a kan kowane kaya da aka jera, da kashi 6.5 cikin ɗari idan an sayar, kuma ba a kowace ƙasa take bari a buɗe sabon shago ba, sai wadda ke cikin jerin tsarin biyanta. Duba jerin da kanka kafin ka biya wani ya buɗe maka. Tarayyar Turai ta kayyade dalma a kayan ado, kada ta kai kashi 0.05 cikin ɗari na nauyi, ta kuma kayyade nikel da ke sa ƙaiƙayi. Amurka ta soke rangwamen harajin ƙananan saƙonni a watan Agustan 2025, don haka ko ɗan kunne ɗaya yana iya jawo kuɗin kwastan. Ga kuɗin DHL da sau da yawa ya fi kuɗin kayan. Idan ka kai wannan matsayi, ka fara da 'yan uwanmu mazauna waje masu sayen guda goma ko ashirin a lokaci ɗaya, ka kuma nemi bayanin rajista a hukumar bunƙasa fitar da kaya ta NEPC.

Kafin nan, ka yi guda goma masu kyau, iri uku kacal, ka sayar da su a Kano da kewaye. Tambayi kowane mai saye bayan wata guda ko wani abu ya ɓalle ko ya canza launi, kuma wanda ya lalace ka gyara masa kyauta. Sai goman nan sun fita lafiya sannan ka ƙara jari.